Ko Daidai Ne A Sa Yara Su Dasa Itacen Da Ba Za Su Sha Inuwarsa Ba?

Duk wanda ya taɓa bin hanya daga Misau zuwa Azare cikin watan Afrilu, sa'ad da rana ta take, ya san kamannin filin makarantar firamare a ƙasarmu. Fili ne fetal, ba ciyawa, ba shinge, sai rairayi mai ƙuna da sawun awaki. In an buga ƙararrawar shan iska, yara su kan ruga su cunkushe a gindin darbejiya ɗaya ko biyu, waɗanda ba su sami wuri ba kuwa su raɓe a jikin bango. In iska mai ƙarfi ta taso ba abin da ke tare ta, har wani lokaci ta kan yaye kwanon aji. Saboda haka mutane masu hankali suna ta ba da shawara, suna cewa a sa 'yan makaranta su yi lambu a filin nan, lambun itatuwa da tsire-tsiren ƙasarmu, irin su gawo da tsamiya da kuka da aduwa, su yi ta ban ruwa har su kama.

Shawarar tana da daɗin ji, har mutum ya kan ji kunyar yi mata tambaya. Amma abin da kowa ya karɓa ba tare da bincike ba, shi ya fi bukatar a zauna a duba shi da kyau. Abin da za mu tattauna a wannan zama shi ne, ko daidai ne a ɗora wa yaro ɗan shekara takwas wannan aiki? Ni dai ina gani daidai ne, amma da sharaɗi, sharaɗin kuwa a wuyan manya ya ke. Kafin mu kai can, wajib ne mu saurari masu ƙin shawarar, gama ba wawaye ba ne, maganarsu kuwa tana da nauyi.

Ƙarar da a ke kawowa

Mai ƙara na fari ya kan ce, wane ne ya mai da ƙasar haka? Tsofaffinmu suna tunawa da lokacin da daji ya ke kusa da gari, mace ta fita da hantsi ta komo da itacen girki da ganyen miya kafin azahar. Sai aka yi fari mai tsanani daga 1972 zuwa 1974, aka sake yin wani a 1983 da 1984, dabbobi suka mutu, itatuwa da yawa suka bushe a tsaye. Mutane kuma suka ƙaru, gonaki suka faɗaɗa har suka cinye saura da burtali. Kusan kowane gida da itace ya ke girki, motocin itace da na gawayi kuwa ba su daina shiga birane ba. Abin ya kai har a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa, watau jerin itatuwa da gyararrun gonaki daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita wajen 8,000. A 2015 Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman dominsa, Jihar Bauchi kuwa tana cikin jihohi 11 da aka lissafa su ne bakin dāgā. To, cikin dukan waɗanda suka riƙe gatarin da ya jawo wannan, babu ko ɗaya da ke aji uku na firamare. Manya suka ci bashin. Yaya za a kai wa yara takardar biya?

Wannan magana ba ta rasa goyon baya a cikin Littafi ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 12, sa'ad da Bulus ya ke bayyana dalilin da ya sa ba zai nawaita musu ba, ya kafa hujja da al'adar gida wadda kowa ya sani, cewa tanadi aikin iyaye ne domin 'ya'yansu. Idan haka ne, uban da ya sare gawon gonarsa ya sayar, sa'an nan ya tura ɗansa makaranta a ba shi bokiti a ce ya gyara ƙasa, ya juya al'amarin kai ƙasa.

Mai ƙara na biyu ya kan tuna mana da aikin tilas. Ƙasar nan ta san shi. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, an ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a tudun Jos ba da sonsu ba, waɗansu ba su komo ba. Wannan babba ne. Amma akwai ƙaraminsa wanda da yawa daga cikinmu muka ɗanɗana, watau gonar makaranta inda yara su ke noma, da kaka kuwa gyaɗar ta bi wata hanya da yaran ba su sani ba. Akwai kuma inda ban ruwa ya zama horo: wanda ya makara, ko ya kāsa lissafi, a ce ya je ya ɗebo ruwa bokiti biyar. Yaron da aka hore shi da itace, yaya zai ƙaunaci itace? Ku tuna kuma da yarinyar da ta riga ta yi sawu uku zuwa rijiya tun da asuba kafin ta zo makaranta. Iyayenta sun aiko ta ta koyi karatu ne, karatun ma bai zauna ba tukuna, ga shi an ƙara mata wani tulu.

Mai ƙara na uku maganarsa gajeriya ce. Firamare shekara shida ce. Tsamiyar da aka shuka daga ƙwaya ta kan yi shekaru bakwai ko goma ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, kaɗanya ma ta kan kai goma sha biyar zuwa ashirin. Yaron zai tashi ya bar wurin tun itacen bai kai ya yi masa inuwa ba. An sa shi wahala domin waɗansu, ba a kuwa tambaye shi ba.

Kada mu yi hanzarin ture waɗannan ƙararraki. Wanda ya ce, ai itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, bai amsa kome ba, gama tambayar ita ce, wace fuska a ke so a tanƙwara shi, don amfanin wa kuma.

Abin da ya faru a Maraɗi

Akwai labari na gaskiya daga 'yan'uwanmu Hausawa na hayin iyaka wanda zai taimake mu, ko da ya ke ba a makaranta ya faru ba. A ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, an taɓa yin wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo. Aikinsa shi ne renon 'ya'yan itatuwa yana kai wa ƙauyuka a dasa. Ya yi ta yi, yawancinsu suna mutuwa, rana ta ƙone waɗansu, rairayi ya binne waɗansu, awaki da gara su gama da sauran. A 1983, wata rana ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa a kan wani ɗan tsiro irin wanda manoma su ke sassabewa kowace shekara. Da ya duba ganyen da kyau, ya gane ashe tohon kututturen itace ne wanda aka sare tun da daɗewa, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Gonakin kuwa cike su ke da irinsa. Dabarar da ta fito daga nan mai sauƙi ce: manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya kiyaye waɗanda ya bari har su zama itace.

Ga inda labarin ya shafe mu. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba da hatsi ga waɗanda suka yarda su bar itatuwa a gonakinsu. Mutane da yawa suka yarda. Da yunwa ta wuce aka daina rabon hatsi, sai mafi yawan itatuwan nan aka sare su. Amma waɗansu manoma suka bar nasu, suka ga sun sami itacen girki a kusa, da abincin dabbobi da rani, iska kuma ta daina binne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Da hukuma ta sassauta, har manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba mai cin tararsa in ya yi amfani da shi, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da ƙasa wajen hekta miliyan 5 a Nijar ta haka, da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a ƙasashen Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso.

Abu biyu na ke so mu riƙe daga wannan. Itacen da aka bari domin mudun hatsi ya mutu ran da hatsin ya ƙare, wanda aka bari domin mai shi ya san nasa ne, shi ya rayu. In haka ta faru ga magidanta, balle yara. Lambun da aka yi da bulala zai bushe ran da mai bulalar ya sami canjin wurin aiki. Abu na biyu kuwa, itatuwan da suka rayu 'yan ƙasa ne, waɗanda suka saba da farinta da yashinta.

Don me 'yan ƙasa?

A nan ne, a ganina, amsar tambayarmu ta ke ɓoye, mutane kuwa ba su cika lura da ita ba. Su kan ce a dasa 'yan ƙasa domin sun fi jure fari. Gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi wannan.

Ku yi tunanin makarantu biyu. A ta fari, mota ta zo da 'ya'yan itatuwa a cikin leda, irin da yaran ba su san sunansa ba, iyayensu ma ba su sani ba. Aka jera yara, aka miƙa wa kowa ɗaya, aka ɗauki hoto, manyan baƙi suka shiga mota suka tafi. Me yaron nan ya bayar? Hannu da ƙafa kaɗai. Me ya samu? Ba kome. Wannan lebura ne, sai dai ba a biya shi ba, masu ƙara kuwa sun yi gaskiya a kansa.

A ta biyu, malama ta ce wa 'yan aji huɗu, kowa ya je gida ya tambayi kakarsa sunayen itatuwa goma da a ke samu a dajin garin nan sa'ad da ta ke yarinya, da amfanin kowanne, da wanda ya ɓace. Kashegari aji ya cika da magana. Wannan ya zo da labarin ɗorawa, yadda a ke shan garinta, a dafa kalwarta a yi daddawa. Wancan ya ce da bagaruwa majema su ke jeme fata. Wata ta ce daga dakwara a ke samun ƙaro, wani ya ce da kabar goruba a ke saƙa tabarma, da giginya a ke yin azara, daga ƙwallonta kuma muruci ke fitowa. Aka ambaci maɗin ɗinya, da kanya, da kurna, da magarya, da aduwa wadda ba ta kula da fari. Yaron Fulani ya ce su ɓokki su ke ce wa kuka, tsamiya jaɓɓi, gawo caski, aduwa tanni, sauran yara suka yi ta maimaitawa suna dariya. A wannan aji, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta zama malama, jikanta kuwa ya gane a gidansu ma akwai ilimi.

To, wannan yaro na biyu, biyan bashi ya ke yi, ko karɓar gado? Gado ya ke karɓa. Sunayen nan da sanin amfaninsu dukiya ce da kakanni suka tara cikin ɗaruruwan shekaru, tana kuwa gab da salwanta, gama yaron da bai taɓa ganin kanya ba, sunanta ba zai zauna a bakinsa ba. Ku dubi yadda itatuwan nan suka shiga sunayen garuruwanmu: Kukawa a Borno, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, da Rimi a ƙasar Katsina, da Ɗorayi da Kurna a Kano. Kuka tana iya yin shekara fiye da dubu, don haka ba abin mamaki ba ne a ce wata kukar da yaranmu ke wucewa ta gindinta ta girmi sarautar Misau kanta, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Mamman Manga a 1831. Uban da ya bar ɗansa ya girma bai san waɗannan ba, shi ne ya ƙi yi masa tanadi. Ashe maganar Bulus, wadda mai ƙara ya kawo, tana iya komawa ta zama shaida a kan mai ƙarar.

Bari in ɗan daɗe a kan gawo, domin shi kaɗai ya isa darasin wata guda. Yawancin itatuwa su kan yi ganye da damina su kaɗe da rani, gawo kuwa akasin haka ya ke yi. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganyensa, ya bar rana ta sami geron da ke gindinsa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashinsu a wurin. A saiwarsa kuma akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɗauko sinadarin nitrojin daga iska su sa a ƙasa. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya kan fi na sarari kyau. Manomanmu sun san wannan tun kafin masana su auna shi, har sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka kafa doka mai tsanani a kan mai sare gawo. Yaron da ya tsaya da littafinsa yana rubuta ran da gawon makaranta ya fara kaɗe ganye da ran da ya fara toho, kimiyya ya ke koyo, ta gaske, irin wadda ba a haddacewa daga allo.

Kada dai mu zalunci darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bazu. Tana girma da sauri, awaki ba su cika damunta ba, ba ta rabuwa da ganye. Ba don ita ba, da garuruwanmu da yawa ba su da inuwa ko kaɗan. Mangwaro da zogale ma daga Indiya su ke, gwaiba daga nahiyar Amurka, ba wanda zai ce a tumɓuke su. Laifin namu ne, da muka mai da ita itace ɗaya tilo, har yaro ya ɗauka in an ce itace, darbejiya a ke nufi.

Ina kuma roƙonku, kada wani ya ɗauki wannan magana ta ɗan ƙasa da baƙo ya kai ta kan mutane. Da yawa daga cikin masu karanta wannan a Misau da Azare da Katagum, aiki ko ciniki ya kawo iyayensu daga Tafawa Ɓalewa ko Tangale ko Filato ko kudu, sun kuwa san ɗacin a ce da mutum baƙo a garin da aka haife shi. Itace ba ya zaɓen inda zai tsiro, ruwan sama da irin ƙasa su ke yanke masa. Mutum ba haka ya ke ba. A lambun makaranta ma, ɗan da iyayensa suka zo daga nesa ya kan zo da suna na uku ga itacen da sauran suka sani da suna biyu, ajin kuwa ya ƙaru da shi.

Rabon aiki

Idan mun yarda yaron magaji ne, to, rabon aikin zai fito da kansa. Haƙa rami a ƙasa mai tauri, da kafa shinge, da samar da ruwa kusa, waɗannan na manya ne, gama su suka ci bashin. In makaranta ba ta da rijiya ko famfo a kusa, kada a fara da itace ɗari, a fara da goma. Na yara shi ne abin da ya yi daidai da ƙarfinsu, ya kuma ƙara musu sani. Su tattaro iri da kansu a lokacinsa. Su koyi cewa ƙwayar kuka da ta gawo suna da ɓawo mai tauri, sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana, ko an ɗan kankare gefensu, kafin su tsiro da wuri, su kuma gane dalilin da ya sa gawo ya kan tsiro a inda dabbobi suka yi kashi. Su cika leda da ƙasa da taki, su shuka, su ƙirga kwanakin tsirowa. Su koyi cewa gawo ba ya son daɗewa a leda, domin saiwarsa ƙasa ta ke nufa da sauri. Kafin a dasa kome ma, su zaga filin su nemi tohon kalgo da sabara da magarya da ke nan tun dā, su datse su yadda manoman Maraɗi suka yi, gama mai yiwuwa ne rabin lambun yana nan a ƙarƙashin ƙafafunsu. Malami kuwa ya nuna musu abin da za su yi hankali da shi, kamar tumfafiya da tinya, waɗanda ruwansu ke cutar ido.

Sa'an nan a bar su su yi ƙirga ta gaskiya. In an dasa arba'in a watan Yuli, a komo a watan Mayu a ƙirga masu rai, a rubuta a allo ko da bakwai ne. Mu manya mun saba da shelar adadin da aka dasa, ba mu cika komawa mu ƙirga waɗanda suka rayu ba. Yaron da ya rubuta bakwai cikin arba'in da hannunsa, ya kuma bincika abin da ya kashe talatin da ukun, ya koyi lissafi, ya koyi faɗin gaskiya a kan aikinsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Amfanin lambun kuma, ko ganye ne ko 'ya'ya ko kuɗin abin da aka sayar, a raba shi a gaban yaran, su san inda kowane kwabo ya shiga. Ban ruwa kuwa kada a taɓa mai da shi horo.

Saura ƙara ta uku, ta inuwar da yaron ba zai sha ba. Ana iya rage ta. A haɗa masu jinkiri da masu sauri: yakuwa da rama da tafasa da lalo a ci su cikin damina guda, gamba a gefen shinge a yanka a yi zana, magarya ta yi 'ya'ya cikin 'yan shekaru. A ƙasar Mali ma akwai masu shuka kuka a fage kamar alayyafo, suna tsinkar ganyenta tun tana ƙarama. Yaro yana bukatar ya ɗanɗana wani abu daga aikin hannunsa, zaluncinsa ne a ce duka sai bayan ya tafi.

Amma ba na so in ruɗe ku in ce ƙarar ta mutu sarai. Tsamiyar dai ba za ta yi masa inuwa ba, ba a kuwa nemi yardarsa yadda a ke neman ta babba ba. Abin da zan iya faɗi shi ne, yaron nan da kansa yana shan kunun tsamiyar da wani ya bari tun ba a haifi ubansa ba, mutumin kuwa bai san shi ba. Kowane ɗan Adam a tsakiyar irin wannan sarƙa a ke haifarsa, ya tarar an yi masa, ya kuma yi wa na baya. A Littafin Firistoci, sura 19, an umurci Isra'ilawa cewa in sun dasa itace mai 'ya'ya kada su ci daga gare shi shekara uku, na shekara ta huɗu a keɓe ga Ubangiji, sai a ta biyar su ci. Ba ina cewa dokar nan tana kanmu ba ne, amma ku lura, an mai da jira wani sashi na dashen kansa, shekarun kuwa sun yi kusan daidai da zaman yaro a firamare. Mutanen da suka sare dajinmu ba mugaye ba ne, yawancinsu yunwa da bukatar yau suka kore su, ba su da halin jira. In akwai wurin da za a koya wa mutum jira tun bukata ba ta shaƙe shi ba, ƙuruciya ce. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda 'ya'yansu ne mafi yawa a makarantun nan, suna lissafa dashen itace cikin sadaka mai gudana, don haka a kan wannan aiki ba mu da gardama da su, ɗanmu da nasu suna iya riƙe bokiti ɗaya.

Inda za a gane ko da gaske mu ke

A ƙasarmu damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin dashe kuwa shi ne sa'ad da ƙasa ta jiƙu sosai, wajen Yuli zuwa farkon Agusta. A daidai nan makarantu ke tafiya dogon hutu. Watau 'ya'yan itatuwan za su yi makonninsu na fari ba kowa a filin, sai awaki. Bayan wannan ga rani, ga hunturu, ga zafin Maris da Afrilu da Mayu, da gara tana aiki a ƙarƙashi. Yaron da ya komo hutu ya tarar an cinye itacen da ya sa wa suna, ba wanda kuma ya damu, ya koyi darasi, amma ba wanda muka nufa ba: ya koyi cewa manya faɗi su ke yi, ba su cikawa. Gara kada a fara da a koya masa wannan.

Batun awakin ma ba mai sauƙi ba ne. Mai yiwuwa na wata gwauruwa ne da ke bayan makaranta, su ne bankinta, filin nan kuwa nan su ke kiwo tun ba a gina ajin ba. In aka kewaye fili duka ba a yi magana da ita ba, an gyara wa yara an ɓata wa gwauruwa. Sai a je wurin mai unguwa, a zauna da ita da sauran maƙwabta, a kewaye kowane itace shi kaɗai da ƙaya ko kara ko tubali, a bar hanya, a kuma gaya mata cewa 'ya'yan gawon nan awakinta za su ci in ya girma.

Saboda haka, kafin ku tashi daga wannan zama, ku duba tsakaninku. Wace makaranta ce 'ya'yanku ke zuwa, yaushe rabon wani a cikinku ya taka filinta? Wane ne a nan ya san itatuwa ashirin da sunayensu, zai kuwa yarda ya ba da safiya guda ya zaga da 'yan aji huɗu, in hedimasta ya amince? Su wane ne za su haƙa ramuka, su wa za su kawo ƙaya? In akwai wanda ya ke gani masu ƙara sun fi ni gaskiya, ya faɗi dalilinsa a saurare shi. Waɗanda suka yarda kuwa, a ɗauko takarda a rubuta makonnin dogon hutu, da na Maris zuwa Mayu, kowane mako a sa sunan babba guda a gabansa.